Kada a Kashe Wuta

Biyu saura kwata na dare a Kajaani,
dusar ƙanƙara ta haɗiye motata har rabin taya.
Na rataye rigar sanyi a ƙusa,
na shiga zauren da ubana ya yi shekara talatin
yana mayar da itace takarda.
Yanzu babu ƙamshin itace.
Uwayen garke ne jere cikin kejin ƙarfe,
kowace da koren idonta, tana ƙiftawa.

An ba mu awa huɗu.
Na'ura arba'in da takwas a layi na tara,
za a sauya musu karatun da suke yi
tun kafin su buɗe ido,
wanda ke gaya wa fanka yaushe za ta juya,
yake gaya wa ƙwaƙwalwa: ga hannunki, ga ƙafarki.

Reijo ya ce a fara da ɗaya.
Mai gaggawa, in ji shi, sau biyu yake zuwa aiki.
Ya sauke wa ta farko kayanta, ya ɗora wa maƙwabta,
ya gwada hatimin fayil da na kamfani,
harafi bayan harafi, yatsa a kan allo,
kamar mai ƙirga canjin da bai yarda da shi ba.

Sai gargaɗin ya fito, fari a kan baƙi:
kada a kashe wuta.

Kashi goma sha ɗaya. Kashi arba'in.
Fankoki suka kwarma ihu baki ɗaya,
sannan tsit.
Wannan shirun ba a koyar da shi a aji.
Minti shida allo baƙi ƙirin,
kina tsaye, hannu a aljihu don kada ya yi karambani.
Ta farka. Ta faɗi sabuwar lambarta.
Muka bi sauran shida-shida,
kofi yana hucewa a kan akwatin kayan aiki.

Ta talatin da ɗaya ta ƙi dawowa.
Idonta ya koma ruwan ɗorawa, ya kafe.
Minti goma. Sha biyar.
Na kai hannu ga maɓalli, Reijo ya riƙe mini gwiwar hannu.
Bari, Saila. Hanya take nema.
A cikinta akwai ɗan guntu, bai kai farce ba,
inda aka adana tsohon karatu
saboda ranar da sabo zai karye a tsakiya.

Ina tsaye, Lahadin da ta wuce ta faɗo mini:
gidan tsofaffi a bakin tafki,
ubana yana kallona kamar mai kawo wasiƙa.
Sunana ya ɓace masa, na jikarsa ma haka.
Amma da na ce inji na uku,
sai ya gyara zama, ya jero mini famfunan tururi,
wanne ake buɗewa kafin wanne,
wanne ne in ka yi masa azarɓaɓi takarda ta yage.

Minti ashirin da biyu, fanka ta yi tari.
Allo ya kawo tsohuwar lamba, ta bara waccan,
ko a jikinta.
Reijo ya rubuta a takardar aiki:
ta koma gida da ƙafarta, a sake gwadawa ran Talata.

Muka ƙarasa sha bakwai ɗin da suka rage.
Biyar da rabi na mayar musu da kayansu,
albashin wasu, hoton ƙirjin wani,
jadawalin jirgin ƙasan da zai tashi da safe.
Masu kayan suna barci, ba su san an taɓa komai ba.

A waje duhu ba shi da niyyar tafiya kafin tara.
Na kankare gilashin mota da katin shiga,
na zauna, inji yana ɗumi,
ina bitar jerin famfunan nan a hankali,
don ran Lahadi, in ya tambaya,
in san wanne ne na farko.